Sababbin Takalman Yaya Inuwa

Ku 'ya'yana, na san abin da kuka taso kuna ji a unguwa, wai ubanku ya ci mutuncin yayansa a gaban jama'a saboda ƙwallo. Wasu har gishiri suke ƙarawa, su ce na ɗaga masa murya, ko na watsar da kyautarsa a ƙasa. Ban ɗaga murya ba, ban kuma watsar da komai nasa ba. Amma akwai abin da na yi, kuma gara ku ji shi daga bakina tun ina da sauran haƙoran faɗarsa.

Sai na fara da yadda aka haifi ƙungiyarmu Damina, domin ku da kuka same ta da riguna masu lamba da motar kai 'yan wasa kuna zaton haka ta faɗo daga sama. A da ƙungiya biyu ce a unguwar Hausawa ta New Bell, kuma ba sa ga maciji da juna. Akwai tamu ta 'ya'yan gida, jikokin waɗanda suka sauko Douala da goro da shanu tun zamanin kakanni, yaran da suka yi makaranta har rabin Hausarsu ta koma Faransanci. Akwai kuma ta yaran kasuwa, Fulani da Barebari da sauran 'yan arewa, masu dako da masu gasa nama da masu tuƙa bensikin, wato babur ɗin haya. Mu muna ce musu baƙi, su suna ce mana 'yan ofis masu ƙafar takarda. Duk babban hutu, lokacin da ruwa yake zuba a garin nan kamar an ɓula sama, ana gasar unguwanni, kuma duk shekara tun zagayen farko ake koro mu duka biyun, mu dawo gida kowa yana yi wa ɗan'uwansa dariya. Ni a lokacin na ajiye aikin ofis a Akwa, ba ni da abin yi sai bin yaranmu da gorar ruwa. Wata shekara wasu yara daga unguwar PK 14 suka lallasa 'yan kasuwa da safe, suka lallasa namu da yamma. Muna fakewa a rumfar mai shayi guda, kowa ya jiƙe sharkaf, sai Hamadu, wani dogon Bafulatani mai tsaron bayan 'yan kasuwa, ya dube ni.

"Baba Garba, ku kun iya ba da ƙwallo amma ba ku da ƙarfi. Mu muna da ƙarfi, ba mu san inda za mu kai shi ba. Har yaushe za mu riƙa shan kunya kashi biyu? A haɗa mana."

Na ce, "A haɗa kunyar?"

"A haɗa ta. Ko ba komai za ta fi sauƙin ɗauka."

A rumfar nan aka raɗa wa sabuwar ƙungiyar suna Damina, tunda cikin ruwa aka haife ta, aka kuma ɗora min shugabanci saboda ni ne mai furfura kuma ni na san ƙofar ofisoshi. Daga ranar na zama Presidan. Filinmu yana bayan wata makaranta, rabi yashi rabi taɓo, muna raba shi da awaki da masu shanya, idan Layya ta matso kuma masu raguna su ƙwace shi gaba ɗaya. Mai horarwa muka samu a maƙwabta, Koci Piyer, ɗan ƙabilar Bassa ne, tsohon ɗan wasa da gwiwa ta kayar, wanda bai iya komai a Hausa ba sai gaisuwa da zagi. Muka shiga rukuni na can ƙasa, wanda babu wani a ƙarƙashinsa sai wasan yara a lungu. Takalmanmu duk na gwanjo ne, wani ƙafar dama baƙa ta hagu ja, mai gyaran takalmi ya ɗinke su da zaren kamun kifi har ba a gane asalin fatar. Bayan kowane wasa a zuba su a buhun shinkafa a ajiye a barandar gidana. Uwarku Asabe ta sha yin rantsuwa cewa wata rana za ta cinna wa buhun nan wuta, don warinsa ko ƙuda ba ya iya zama a kai.

Shekaru muka yi muna zuwa bakin ƙofa ana rufe ta a fuskarmu. Mu zo na uku, mu zo na biyu, wasu su hau rukunin yanki mu kuma mu koma wa awakinmu. Yaran kuwa suna girma, ƙungiyoyin wasu unguwanni suna zagayo su da alkawura. A farkon kakar da nake ba ku labari, Hamadu ya zo gidana da sauran manyan 'yan wasan, suka zauna a tabarma suna ta sosa ƙeya.

"Presidan, mun yi magana tsakaninmu. Wannan sezon ce ta ƙarshe. In mun hau, muna nan har ƙafa ta ƙare. In ba mu hau ba, ka yafe mana, kowa zai nemi inda za a gan shi."

Ban ga laifinsu ba. Amma na san in waɗannan suka tafi babu sauran Damina, za a koma 'yan gida da baƙi, kowa a rumfarsa. Na ce musu na ji, Allah ya ba mu sa'a, suka tashi suka tafi.

To, wannan kaka! Ban taɓa ganin irinta ba, ban kuma sa ran sake gani ba. Yaran suka riƙa wasa kamar an kunna musu wuta a ƙafa. Bukar, wani siririn Babarbare mai gudun gefe, in ya ja ƙwallo sai ka ji fili ya ɗauki ihu tun bai kai ko'ina ba. Muka ci a gida, muka ci a waje, muka ci a filin da ruwa ya kai idon sawu. Mata masu tuya suka kwaso kaskonsu suka dawo bakin filinmu. Mahauta suka fara rufe teburinsu da wuri ranar wasa. Wani tsohon makaɗi da ya daɗe da rataye gangarsa ya sauke ta ya sake mata fata. Har Liman, wanda ya sha faɗa mana cewa ƙwallo ɓata lokaci ce, ya tare ni bayan la'asar, ya duba hagu ya duba dama, ya rage murya ya ce, "Malam Garba, jiya nawa da nawa?" Haka muka tafi har ya rage wasa ɗaya tak, wasan hawa, a wani fili mai ciyawa a Bonabéri, unguwar da ke hayin gada, da wata tsohuwar ƙungiya ta can. Wanda ya ci ya hau, wanda aka ci ya zauna.

A nan Baffanku ya shigo labarin. Yaya Inuwa shi ya raine ni bayan rasuwar mahaifinmu. Shi ya zauna a kasuwa yana auna yadi don ni in je makaranta, shi ya yi min aure, kuma ban taɓa zama a kujera yana tsaye ba. Bai taɓa kallon wasa ko ɗaya ba, cewa yake aikin marasa sana'a ne. Amma da ya ga unguwa ta ɗauka, Bafulatani da Bahaushe suna tafiya kafaɗa da kafaɗa, sai abin ya shige shi fiye da kowa. Ba tare da ya shawarci kowa ba ya aiko telansa fili da igiyar awo, ya bi yaran ɗaya bayan ɗaya yana auna ƙafarsu. Bayan 'yan kwanaki aka kira mu shagonsa, ya buɗe kwalaye. Sababbin takalman ƙwallo, farare tas masu ratsin kore, iri ɗaya, na kowa da kowa har masu zaman benci. Bukar ya ɗauki nasa ya shinshina kamar turare. Da suka gama shafawa, Yaya ya karɓe, ya jera su a babban akwatin ƙarfensa, ya danna kwaɗo ya jefa makulli a aljihu.

Koci Piyer ya zaro ido, ya kama magana da Faransanci. "Alhaji, pardon, a ba su su yi antirenman da su. Sabon takalmi yana cizo. Sai ƙafa ta saba da shi, shi ma ya saba da ƙafa."

"Me yake cewa?" in ji Yaya, alhali ya ji sarai.

Na ce, "Yana cewa a bari su ɗan taka su kafin ranar, Yaya."

"A wannan taɓon naku? Su je Bonabéri da takalmi kamar an tono shi daga rami? Kai Garba, a gidanmu ka taɓa ganin an sa kayan Sallah kafin ranar Sallah? Sabon abu ranarsa ake fito da shi. Kuma wancan buhun naku mai wari, kada in ga ya haye gada. Ba za a ce Hausawan New Bell sun zo da tsumma a ƙafa ba."

Abin da mutane suke mantawa yanzu shi ne, duk shagon nan babu wanda bai gyaɗa kai ba sai Koci. Yaran da kansu suka goyi bayan Yaya. Haka aka raine mu duka, ɗinki yana kwance a ƙasan akwati da ƙamshinsa, kana leƙawa kana haɗiyar yawu, ba ka isa ka taɓa ba sai safiyar Idi. Na bi Yaya gida na sake gwadawa cikin lallami. Ya dube ni ya ce shi ya saya min takalmina na farko a duniya, kuma bai tuna ya nemi shawarata ba. Maganar ta tsaya a nan.

Ranar wasa New Bell ta kwashe kaf. Babura a gaba suna ta hon, tasi masu ruwan ɗorawa cike har ƙofa ba ta rufuwa, makaɗi a bayan wata motar ɗaukar kaya yana dukan ganga kamar zai fasa ta. Da muka hau gadar Wouri na waiga baya, ban ga ƙarshen mutanenmu ba. A bakin fili Yaya, cikin babbar riga mai aiki, ya sa aka sauke akwatin, ya buɗe da hannunsa, yana kiran sunan kowane yaro yana miƙa masa nasa. Mata suka rangaɗa guɗa. Da yaran suka jeru a kan koren ciyawar nan da fararen takalmansu, wallahi sun yi kyau, har 'yan Bonabéri sai da suka yi shiru. Ni kaina ƙwalla ta cika min ido. Aka kai Yaya ƙarƙashin rumfa aka ba shi kujera cikin manyan baƙi, yana ta murmushi.

Ba a daɗe da busa usur ba na ga abin da Koci ya faɗa. Bukar, wanda iska ba ta kamo shi, ya tsaya yana sassauta igiya. Ya ɗaure, ya ɗan yi gudu, ya sake tsugunnawa. Hamadu yana taka ƙasa kamar mai tafiya a kan garwashi. Ƙwallo ta zo wa ɗan wasan tsakiyarmu, ya ɗaga ƙafa ya sauke da sauri yana cije leɓe. Su kuwa 'yan Bonabéri suka gane, suka riƙa jefa dogayen ƙwallaye suna sa yaranmu gudu. Nan da nan suka zura mana ɗaya. Koci ya matso kusa da kunnena.

"Presidan, ƙafafunsu sun mutu. In ba a canza ba, c'est fini. Damina ta ƙare yau."

Na dubi rumfa. Yaya yana nuna wa na kusa da shi takalman da yatsa, bai ma lura da ɗingishin ba, shi dai farin yake gani. Na dubi Hamadu. Sai na zaro waya na kira uwarku, wadda ta zauna a gida tana dafa shinkafar biki.

"Asabe, buhun nan."

"Wane buhu? Mai warin?"

"Shi. Ki ba ɗan bensikin ya kawo min Bonabéri yanzu-yanzu."

"Malam, wane ɗan bensikin? Duk na unguwa suna wurinku. Yaya ya sani?"

"Bai sani ba."

"To kai ka san abin da kake yi?"

"Na sani."

"Bari in ɗauko mayafi."

Ku da kuka san uwarku kun san ba ta taɓa hawa babur ba, kullum cewa take makara ce mai taya biyu. Ranar ta sauke tukunya, ta ja buhun har bakin titi, ta tare wani baƙon yaro mai babur da ba ta taɓa gani ba, ta haye ta rungume buhun a cinya. Ta ce a kan gada motoci sun cushe, shi kuwa yana kutsawa tsakaninsu, gwiwarta tana gogar ƙarfe, ita tana salati da ƙarfi tana kuma dukan bayansa tana cewa ya ƙara wuta. Ni ina can ina kallon ƙwallo da ido ɗaya, ƙofa da ido ɗaya, mai tsaron gidanmu yana ta ture ƙwallaye kamar mai korar kaji daga shanya. Da ƙyar muka kai hutun rabin lokaci da ci ɗaya a kanmu.

Filin ba shi da ɗakin canza kaya. Ƙarƙashin wata bishiyar mangwaro yaran suka zube, a gaban idon kowa. Suka zare takalman, sai ga safa jina-jina, dugadugai sun saluɓe, yatsu sun yi bororo. Bukar yana kuka ba sauti. Daidai nan na hango uwarku ta shigo, ɗankwali ya karkace, tana jan buhu a ƙasa. Kafin in taɓa buhun, sai na tafi rumfa. Wannan shi ne abin da masu ba ku labari suke tsallakewa. Na cire hulata, na durƙusa a gaban Yaya, cikin manyan baƙin nan.

"Yaya, takalman sun yanka yaran. Ka ba ni izini su sa tsofaffin."

Ya dubi buhun daga nesa, fuskarsa ta canza. "Na ce kada ya haye gada."

"Ka faɗa, Yaya. Ni na sa aka kawo."

"Su daure. Ba maza ba ne? Wa bai taɓa shan cizon sabon takalmi ranar Idi ba?"

"Ranar Idi ba a gudu, Yaya."

Ya sunkuyo ya rage murya don kada na gefe su ji. "Garba, duk garin nan sun ga na ba su. In ka cire musu, ni ka cire."

Na daɗe a durƙushe, ko kuma ni na ga kamar na daɗe. Ina jin alƙalin wasa yana gwada usur ɗinsa. Na ce, "Ka yi haƙuri, Yaya." Na miƙe, na je na kama gindin buhun na zazzage.

Warin ya tashi har 'yan kallon da ke bayan igiya sai da suka toshe hanci. Yaran suka faɗa kan tulin kamar an watsa wa kaji tsaba, kowa yana laluben nasa, wannan yana ihu a ba shi jar ƙafarsa ta hagu. Koci yana naɗe musu dugadugai da bandeji yana zagi da Hausa, yana dariya, yana sake zagi. 'Yan Bonabéri suka fashe da sowa, suna nuna mu suna cewa masu farin takalmi sun koma gwanjo. Fararen kuwa suna zube a gindin mangwaro. Ban waiga rumfa ba, don na san in na waiga ba zan iya ba.

Akwai masu cewa ruwa ne ya sauko a zagaye na biyu ya taimake mu. Ƙarya ne, ranar ko ɗigo bai faɗo ba. Ƙafa ce kawai ta koma gidanta. Bukar ya karɓi ƙwallo ta farko, ya ɗan taka ya ji, sai ya tashi. Ya wuce na farko, ya wuce na biyu, na uku ya zauna a ƙasa da kansa, ya shimfiɗo ta gaban raga aka tura ta ciki. Ɗaya da ɗaya! Makaɗi ya faɗo daga kan benci bai daina kiɗa ba. Daga nan filin ya zama namu. Muka buga ta daki ƙarfe, muka buga mai tsaron gidansu ya ture da yatsa, muryata ta tafi gaba ɗaya, sai hannu nake ta yi kamar mai ba motoci hanya. Ana dab da tashi muka samu kwana. Aka bugo, aka yi cakwakiya a gaban raga, ƙwallo ta gangaro waje, sai ga Hamadu, mai tsaron baya da bai taɓa ci mana ko ɗaya ba, ya taho da gudu ya narka mata ƙafa. Ƙwallo ta shige, tafin takalminsa ya ɓalle ya bi ta cikin raga. Ya ƙarasa wasan da rabin takalmi.

Abin da ya biyo baya ba na iya jera muku shi. Na san an ɗaga ni sama. Na san Liman, wanda ya ce ba zai zo ba, ya rungume Koci Piyer har rawaninsa ya warware. Na ga mahauci da ma'aikacin banki suna birgima a ciyawa ɗaya. Na ga uwarku tana guɗa tana riƙe da buhun da babu komai a ciki. Damina ta hau, yaran sun zauna, kuma duk abin da kuke gani yau, ƙungiyar ƙanana, da motar, da yaranmu da ake zuwa nema daga wasu garuruwa, daga wannan yammacin ya tsiro. Sai da aka sauke ni na dubi rumfa. Kujerar Yaya babu kowa, gindin mangwaro ma babu komai.

Uwarku ta ce, "Tun da aka koma wasa ya taso. Shi da kansa ya tsince fararen takalman, ɗaya bayan ɗaya, yana goge jinin da hannun rigarsa. Na ce in taya shi, ya ce in bari."

Washegari da safe na je gaishe shi kamar yadda na saba tun ina yaro. Ya amsa, ya sa aka kawo min shayi, ya ce, "Barka da nasara, Presidan." Bai taɓa kirana da wannan sunan ba sai ranar, kuma daga ranar bai sake kirana Garba ba har ya koma ga Allah. Bai yi fushi irin na zagi ba, bai hana ku shiga gidansa ba, kun sani. Bayan ɗan lokaci ma ya aika wa Koci akwatin, ya ce a ba yara su yi atisaye da su, kuma da waɗannan takalman muka buga kakarmu ta farko a rukunin yanki. Amma abin da ke tsakanina da shi bai koma yadda yake ba, kuma ya yi min ciwo, har yau yana yi. In kun tambaye ni ko zan sake zazzage buhun nan, zan sake. Ku dai kada ku yarda wani ya ce muku abin ya zo min da sauƙi.

Ranar wasanmu na farko a sabon rukuni, na sa aka ajiye masa kujera a tsakiyar rumfa. Ina tsaye a ƙofa sai na hango shi cikin layin masu sayen tikiti, da babbar rigarsa, tsakanin 'yan dako. Na ruga na kama hannunsa na ce ga wurinsa can an tanada. Ya zare hannun a hankali, ya wuce bakin igiya inda yara suke tsayawa, rana tana dukansa. Nan ya riƙa tsayawa duk wasa, bai taɓa fashi ba, har ƙafarsa ta daina kai shi.

A wannan ranar ta farko na bi shi har bakin igiyar na ce, "Yaya, don Allah ka zo inuwa ka zauna."

Bai dube ni ba, idonsa yana kan yaran da suke fitowa.

"Bar ni a nan, Presidan. Daga nan na fi ganin ƙafafunsu."